Da Me Za A Auna Uwa?

'Yan'uwa, sa'ad da wata tsohuwa ta ekklesiya ta rasu, akan karanta tarihinta a bakin kabari. Kusan kullum iri ɗaya ne: ta bar 'ya'ya kaza, jikoki kaza, ɗanta likita ne, wani kuma fasto. Sai jama'a su ce ta yi arziki. Amma a cikin taron nan akwai wadda ba ta taɓa haihuwa ba, akwai kuma wadda ɗanta ya lalace da giya, su ma suna ji. Ko daidai ne a auna mace da abin da 'ya'yanta suka zama?

Bari mu duba Susanna Wesley, matar fasto a Epworth, wani ƙaramin gari na ƙasar Ingila. An haife ta a 1669. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka mutu suna jarirai. Mijinta mai ilimi ne, amma bai iya riƙon kuɗi ba, har aka kulle shi saboda bashi a 1705. Ta aika masa da zobbanta domin ya sami abinci, ya mayar mata. A 1709 gobara ta cinye gidansu, da ƙyar aka fid da ɗanta John ta taga, yana ɗan shekara biyar.

Cikin wannan hali ta maishe gidanta makaranta. Da yaro ya cika shekara biyar sai ta sa shi karatu, awa shida kowace rana. Ta kafa doka, ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. (Iyayen da ke hana 'ya'ya mata makaranta saboda talla su ji wannan.) Kowane yaro kuma yana da lokacinsa a mako, su zauna su biyu ta tambaye shi zancen ransa. Na John daren Alhamis ne.

John ya girma ya kafa Metodis, ƙanensa Charles ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. Ta rasu a Landan a 1742, bayan shekara 100 daidai Thomas Birch Freeman ya kawo aikin Metodis Badagiri. Saboda waɗannan biyu ne duniya ke tunawa da ita.

To, amma 'ya'yanta mata bakwai ne suka girma, su kuwa ba a cika faɗin labarinsu a wa'azi ba. Hetty ta gudu da wani mutum, daga baya ta auri mashayi, 'ya'yanta suka mutu suna ƙanana. Mijin Marta fasto ne, ya ci amanarta ya yashe ta. Wata kuma ta bar gidan miji saboda muguntarsa. Uwa ɗaya, tarbiyya ɗaya, addu'a ɗaya. In mun ba ta ladan John, za mu ɗora mata laifin Hetty ke nan? Da kuma wutar nan ta ci John, da aikinta ya zama banza?

Wani zai ce, ai da 'ya'yansa akan san itace. Gaskiya ne, Bulus ma ya ambaci Loyis kakar Timoti da uwarsa Afiniki. Amma a karanta wurin da kyau: bangaskiyarsu ya yaba, wadda ke cikinsu tun Timoti bai zama kowa ba. 'Ya'yan itacen mace ayyukanta ne. Ɗan da ta haifa mutum ne dabam, yana da nasa zaɓi, shi zai amsa a gaban Ubangiji. A ganina abin yabo ga Susanna shi ne daren Alhamis ɗin nan, lokacin da ba wanda ya san abin da yaron zai zama.

Saboda haka ina roƙon dattawa masu rubuta tarihin jana'iza, kafin ku ƙidaya jikoki ku tambayi maƙwabta: wa ta ciyar, wa ta yi jinyarsa, wace amarya ta sulhunta da mijinta? Da Dokas ta mutu a Yafa, Luka bai ambaci miji ko ɗa ba. Gwauraye ne suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka.