Ka Ara wa Maƙwabcinka Idonka

Karatu: Nehemiya 8:1-12



A karatunmu na yau, jama'a sun taru a dandali gaban Ƙofar Ruwa a Urushalima. Ezra ya hau dakalin katako, ya buɗe littafin Shari'a, ya yi ta karantawa da ƙarfi tun sassafe har tsakar rana. Maza da mata suka kasa kunne. Lawiyawa kuma suna bayyana wa mutane ma'anar abin da ake karantawa. Littafin a hannun mutum ɗaya yake, amma kowa ya koma gida da saƙon, gama an sami waɗanda suka ba da idonsu da muryarsu domin sauran.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. To, wanda ba ya ganin rubutu fa? Akwai makaho. Akwai tsohuwar da yanar ido ta rufe mata gani. Akwai dattijon da ya iya ajami sarai, amma boko bai san shi ba. Dukansu da kunne suke karatu, kuma sai abin da aka faɗa musu.

Mu dubi Zangon Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, unguwar da mutanen gari suke kira Zangouettin, inda Hausawa fatake suka zauna tun kaka da kakanni. A shekarar 2003 aka rushe unguwar domin shirin gwamnati na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, wanda ake kira ZACA. Maƙwabta suka watsu, waɗansu suka koma can wajen Waga 2000. Sanarwar hukuma da jaridu irin su Sidwaya da L'Observateur Paalga da Faransanci ake rubuta su. Ka sa kanka a matsayin makaho mai gida a irin wannan lokaci. Ana maganar gidanka da filinka a takarda, kai kuwa sai jita-jita. Wa zai zauna ya karanta maka, ya kuma faɗa maka gaskiyar abin da ke ciki?

A waɗansu ƙasashe mutane sun ɗauki wannan nawaya. A shekarar 1970, a garin Aberistiwit na ƙasar Birtaniya, wani ma'aikacin ɗakin karatu mai suna Ronald Sturt ya fara abin da ake kira jarida mai magana, bayan ya ga irinta a Suwidin. 'Yan sa kai suna taruwa, su karanta labaran jaridar garinsu, a ɗauka a kaset, a aika wa makafi ta gidan waya kyauta. Ba a biyan masu karatun ko kwabo. Aikin ya bazu zuwa garuruwa da yawa na ƙasar. A Wagadugu ma an ga ƙishin wannan abu, gama Aboubacar Zida, wanda aka fi sani da Sidnaba, ya yi suna ne ta wurin fassara labaran jaridu zuwa harshen More a rediyon Savane FM.

Amma rediyo ba zai karanta wa Baba takardar asibitinsa ba. Ba zai karanta wa Inna wasiƙar makarantar jikanta ba, ko takardar kuɗin wuta. Wannan aikinka ne, kai da Allah ya ba ido da ilimi. Yau ba ka ma bukatar kaset. Wayar da ke aljihunka ta isa. Matasa uku ko huɗu a ikilisiya za su iya zama sau ɗaya a mako, su karanta labaran gari da sanarwar hukuma da Hausa, su tura ta WhatsApp. Wanda ba shi da waya kuwa, ka je ka zauna a tabarmarsa. Kada ka tambayi addininsa kafin ka karanta masa. Maƙwabci maƙwabci ne, Yesu kuwa bai ware kowa ba sa'ad da ya umarce mu mu ƙaunace shi.

Sai dai ka sani, wannan aiki amana ne. Mai sauraronka ba shi da hanyar duba ko ka faɗi daidai. A Littafin Firistoci 19:14 Allah ya hana a sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma haɗa wannan da tsoronsa. In ka ƙara gishiri a labari, ko ka tsallake layin da bai yi maka daɗi ba, ka sa masa tuntuɓe ke nan. In ka karanta masa wasiƙa, sa'an nan ka kai asirinsa kasuwa, ka ci amana. Shi bai gan ka ba, amma Ubangiji ya gani.

Ka tuna yadda ranar Ezra ta ƙare. Da mutane suka fahimci maganar, suka tafi da murna, suka aika da abinci ga waɗanda ba su da kome. Kai ma an ba ka rabo. Wa za ka aika wa a makon nan?

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin ido da ilimi da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka wuce maƙwabcinmu yana riƙe da takardar da ba ya iya karantawa. Ka sa bakinmu ya faɗi gaskiya, ba ƙari ba ragi. Cikin sunan Yesu, Amin.