Gero a Rumbu, Harsashi a Ƙarƙashin Gado

Wata ran Lahadi cikin damina ta 2024, bayan an tashi sujada, wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofar majami'a har jama'a suka watse. Mutumin ƙasar Batsari ne, amma yana zaune a nan birnin Katsina wurin ɗansa, gama ɓarayin daji sun raba shi da gonarsa. Ya ce, "Fasto, ina da tambaya. Na sayar da bijimin da ya rage mini. Ƙanena da ke ƙauye ya aiko in saya masa harsashi, wai kullum tsada ya ke ƙarawa, nan gaba ma ba za a samu ba. Uwargida kuwa ta ce in sayi gero buhu shida in kulle a ɗaki. Wanne ne zunubi a ciki? Ko kuwa duka biyu rashin bangaskiya ne?" Muka ce, "Baba, ba mu kwana bakwai." Ba mu so mu amsa da garaje ba, domin mutumin da ya kwana a daji da jikokinsa ba a yi masa wa'azi da baki mai-sauri.

Kowa ya san abin da ya kawo mu nan. Ran 11 ga Disamba ba ta taɓa fita zukatan mutanen ƙasar nan ba tun 2020, sa'ad da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara cikin dare ɗaya. Cikin watan Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa jama'a a Jibiya su nemi makamai su tsare kansu. Da Satumba ta shigo aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe waɗansu kasuwannin shanu. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ita ma ta ce talakawa su nemi lasin bindiga. In mai-mulki da bakinsa ya ce ka tsare kanka, me talaka zai ji? Zai ji an ce ba mai-zuwa.

Bisa wannan kuma sai tsada ta hau. Aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023. Bayan wata biyu soja suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta mutu har watan Maris 2024. A watan Yuni 2024 lissafin gwamnati ya nuna kuɗin abinci ya ƙaru fiye da kashi 40 cikin 100 bisa na 2023. Ran 1 ga Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa, har aka sa dokar hana fita a Katsina. Cikin waɗannan kwanaki ne dattijon nan ya yi tambayarsa.

To, bari mu fara duba yadda tsoro ya ke haifar da abin da a ke tsoro. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa sama ba. A ƙasar Amurka cikin shekarar 2020, ga annobar korona, ga tarzoma a birane bayan kisan George Floyd, ga zaɓe yana tafe, sai mutane suka ruga kantunan bindiga. Hukumar FBI, wadda ta kan bincika halin mai-sayen bindiga, ta yi irin wannan bincike kusan sau miliyan 40 a shekarar, abin da ba a taɓa gani ba. Harsashi ya ɓace daga kantuna, kuɗinsa ya ninka, masu-kanti suka ƙayyade kwali nawa mutum ɗaya zai saya. Ma'aikatun harsashi ba su rufe ba, dare da rana su ke aiki. Abin da ya faru shi ne, wanda ya saba sayen kwali ɗaya ya sayi goma, maƙwabcinsa ya tarar da kanti wayam, ya ce ashe gaskiya ne, gobe ya yi sammako ya sayi ashirin.

Haka nan ya ke a kasuwar Dandume ko ta Batsari. A ce gari yana da gida goma da gero buhu ɗari, kowane gida buhu goma ya ke ci a shekara. Abinci ya isa. Amma in gida uku masu-hali suka ji ƙishin-ƙishin, kowane ya sayi buhu ashirin, saura arba'in ke nan ga gida bakwai. Ba fari aka yi ba, ba fara ta sauka ba, amma ga yunwa a gari. Abin da ke da wuya a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da hujja. In ka tambaye shi zai ce, "Ni iyalina na ke tsarewa." Gaskiya ya faɗa kuwa. Sai dai tiyar da ya ƙara a ɗakinsa daga kwanon gwauruwa ta fito, ko da shi ke bai taɓa ganin fuskarta ba.

Kada mai-karatu ya ce muna zargin tanadi. Ina! Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba a 1914, da iyayenmu da suka ga farin 1973, ba su koya mana ci-ka-ƙare ba. Manomin kirki a ƙasar nan shi ne wanda sabon gero ya kan tarar da tsohon dami a rumbunsa. Yusufu ma ya tara hatsi a Masar shekara bakwai, Littafi Mai-Tsarki kuwa bai kira wannan rashin bangaskiya ba. Amma a lura da lokacin da ya tara. A shekarun ƙoshi ne, sa'ad da ɗibarsa ba ta rage tuwon kowa ba. Kowa kuma ya san inda rumbunan su ke, da yunwa ta zo ya buɗe. Mai-ɓoyo kuwa sai abu ya yi wuya ya ke saye, ya kulle, ya yi shiru.

Ga ma'aunin da mu ke gwada kanmu da shi, gama mu ma muna da ɗakin ajiya. Wane labari ne zai faranta maka rai? Mai-tanadi in ya ji damina ta yi kyau sai ya yi godiya. Mai-ɓoyo in ya ji haka sai gabansa ya faɗi. Mutumin da ya kulle buhu ɗari biyu yana jiran Agusta, ko da bakinsa yana addu'ar ruwa tare da ikkilisiya, zuciyarsa tana roƙon fari. Littafin Misalai ya yi maganar la'anar da jama'a ke yi wa irin wannan, malaman maƙwabtanmu Musulmi su ma suna hana shi a wa'azinsu. A watan Fabrairu 2024 hukumar karɓar ƙorafi ta Kano ta rufe waɗansu manyan ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Cikin 2025 kuma da farashin masara da gero ya faɗi, mun ga masu-kuka waɗanda ba mu iya taya su kuka ba.

Zancen gero ke nan, mai-sauƙi ne. Zancen harsashi shi ne ya hana mu barci cikin kwana bakwai ɗin nan.

Ƙanen dattijon nan ba mugu ba ne. Yana zaune kusa da dajin Rugu, inda mutum ya kan ji ƙarar babura da dare ya san ba baƙin arziki ba ne. In ya buga waya, kafin taimako ya iso an gama. Wanda ya ke kwance a birni, katanga kewaye da shi, ba shi da bakin ce wa wannan mutum ya naɗe hannu ya zuba ido a tafi da 'yarsa. Tsaron iyali nawaya ce da Allah ya ɗora wa maigida, ba za mu sauke masa ita da ayoyin da mu kanmu ba a gwada mu da su ba.

Duk da haka harsashi ba gero ba ne. In ka ajiye gero, masifar da ka ke tsoro ba ta zo ba, sai ka ci, ko ka shuka, ko ka kai gidan suna. Ko ka ƙi ma, ƙwari za su tilasta ka ka fitar. Harsashi ba ya yin ƙwari. Ya kan yi shekaru da yawa yana jira, aikinsa kuwa guda ɗaya ne tak. Tsoron da ya sa aka saye shi zai wuce, shi yana nan a ƙarƙashin gado. Wata rana rigimar iyakar gona za ta tashi, ko ta gado, ko saurayi ya sha ƙwaya ya yi fushi, sai a tuna da shi. Gaddafi ya tara makamai a Libiya shekara da shekaru domin tsoron maƙiyansa. Da mulkinsa ya faɗi a 2011 ɗakunan ajiyar suka buɗe, makaman suka bi hamada zuwa Mali da Nijar, har waɗansu suka iso dazuzzukanmu.

Akwai kuma abin da ƙanen nan bai lissafa ba. Wa zai sayar masa? Ba a kasa harsashi a faifai a Babbar Kasuwa. Wanda ke kawo shi a ɓoye cikin buhun hatsi ko ƙarƙashin kujerar mota, shi ne dai ke kai wa na daji. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya tambayar wane ne mai-gaskiya. Yawan masu-nema shi ke ƙara tsada, tsada kuwa ita ke jawo sababbin 'yan fasa-ƙwauri cikin sana'ar. In kuma aka shiga tayi, wa zai fi? Manomi mai-kuɗin bijimi ɗaya, ko ɓarawo mai-kuɗin fansa? Watau kuɗin Baba zai gyara hanyar da a ke bi a kashe ƙanensa.

Muka koma ga Nehemiya, wanda masu-son makami su kan ambata. Gaskiya ne mutanensa sun yi ginin ganuwa da takuba a ɗamara. Amma ba kowa ya shiga ɗakinsa ya ɓoye nasa ba. An san masu-tsaro, an san shugabansu, akwai mai-busa ƙaho a wuri ɗaya, Nehemiya kansa kuma da iznin sarki ya zo. A ganinmu bambancin ke nan. Makamin da gari ya sani, mai-gari ya sani, hukuma ta rubuta, akwai wanda zai tambayi mai-riƙe da shi in ya yi ɓarna. Dokar makamai ta 1959 tana nan har yanzu, ko bindigar toka ma sai da izni daga kwamishinan 'yan sanda. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, matasa kusan 1,500 a karon farko, waɗanda aka ɗauko daga garuruwansu. Ba mu ce ta isa ba. Amma mun ga abin da ya faru a wuraren da 'yan sa-kai suka zama su ne alƙalai, su ne masu-yanka, aka kashe Bafillace a kasuwa domin kamanninsa kawai, danginsa suka koma daji suka dawo da wuta.

Mu masu-bi na cikin birni kuma muna da namu tsoro dabam, gara mu faɗe shi a fili. Mun tuna Maris 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu har Funtuwa da Katsina aka ƙone majami'u. Mun tuna Afrilu 2011 bayan zaɓe. Domin wannan wani lokaci a kan ji raɗa bayan taron maza, wai ya kamata a yi shiri. Shiri domin wa? Ba ɓarawon Rugu a ke nufi ba. Mai-shayin bakin layi a ke nufi, da telan da ke ɗinka wa 'ya'yanmu kayan Kirsimati. Ranar da mutum ya ajiye harsashi da sunan maƙwabcinsa, ya riga ya harbe shi a zuci, gaisuwar safe ma sai ta sake. Asiri kuwa ba ya daɗewa a unguwa. In aka ji wai akwai makamai a harabar majami'a, wannan magana kaɗai ta isa ta tara taron da mu ke tsoro. Mun san gidaje a garin nan da suka tsira a 2011 domin wani Alhaji ya tsaya a ƙofar zaurensa ya ce ba mai-shiga.

Da Lahadi ta kewayo muka zauna da dattijon a gindin darbejiya. Muka ce, "Baba, sayi geron da zai kai gidanka kaka, kada ka wuce nan. Harsashi kuwa kada kuɗinka ya shiga hannun ɗan fasa-ƙwauri. In ƙanenka zai yi tsaro, ya je wurin mai-gari a rubuta sunansa cikin 'yan sintiri." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "In suka zo kafin a rubuta fa?" Muka ce, "Baba, wannan ba mu da amsarta."

Ya sayi buhu uku, ya aika da ɗaya ƙauye, sauran kuɗin ya kama wa matar ƙanen da 'ya'yanta ɗaki a Sabuwar Unguwa. Ƙanen bai ji daɗi ba, wata biyu bai aiko da gaisuwa ba. Shi dai ya ƙi barin gonar. Mun ji ya kai tsohuwar bindigar tokar ubansu wurin maƙeri an gyara, yana kwana a bakin gari tare da 'yan sintiri.