Idan Lissafi Ya Ƙi Cika

Duk wanda ya taɓa riƙe asusun ƙungiya ya san tashin hankalin ranar da lissafi ya ƙi cika. Hanya biyu ce gabansa: ko ya murɗe alƙaluma, ko ya miƙe gaban jama'a ya ce akwai giɓi. Masana ilmin taurari sun shiga irin wannan hali, kuma abin da suka yi ya isa abin tunani gare mu ɗalibai.

Nazarin hasken da ya saura tun farkon halitta ya nuna cewa kayan da aka gina mu da su, mu da duwatsu da ruwa da taurari, kimanin kashi 5 ne cikin 100 na abin da ke sararin samaniya. A 1998 Fukugita da Hogan da Peebles suka yi ƙidayar wannan ɗan kason, sai wajen rabinsa ya ƙi fitowa. Taurari ma, duk da ƙyalƙyalinsu, ba su kai ushirinsa ba. A 1999 Cen da Ostriker suka ce sauran na nan shimfiɗe tsakanin gungun taurari, iska ce mai tsananin zafi wadda ta yi siranta har madubin hangen nesa ba ya kama ta.

Faɗa daban, shaida daban. A 2007 aka gano wani walƙiyar rediyo mai zuwa daga nesa, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Idan ya ratsa iskar nan, dogayen igiyoyinsa kan makara, gajeru su riga su isowa. Yadda ƙurar ƙafar matafiyi ke faɗin hanyar da ya biyo, haka wannan jinkiri ke auna abin da aka ratsa. A 2020 Macquart da abokan aikinsa a Ostareliya suka auna, lissafi ya cika.

To, wani zai ce, ashe ba taurin kai ba ne mutum ya shekara ashirin yana cigiyar abin da bai gani ba? A ganina akwai bambanci. Mai taurin kai yana gudun gwaji. Su kuwa sun faɗi yawan abin da ya ɓace, sun nuna inda za a duba, sun yarda a ƙaryata su. Wannan shi ne amana a ilmi.

Mu fa? Sau nawa ɗalibi kan cike giɓin bincikensa da ƙage don kada malam ya ga kasawarsa? Sau nawa mukan ƙidaya al'umma da fitattunta, mu manta da manomi da mai ga-ruwa, alhali su ne masu yawa? Rashin gani ba rashin abu ba ne. Wanda ya ce "ban sani ba tukuna" ya fi mai cike littafi da ƙarya kusa da sani.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da lissafi bai cika ba, amin.