Wai Ruwa Ne Ya Ɓata Mana Ziyara?

Jama'a, akwai wata magana da nake yawan ji a bakin mutanenmu masu dawowa daga Umra, musamman waɗanda suka je tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da Makka da Madina suka fi samun ruwan sama. Ka tambayi mutum yaya ziyara, sai ya ce: "Wallahi Malam, ranar da aka kai mu Uhudu ruwa ya ɓata mana komai, ko hoto ɗaya ba mu samu ba."

Mai wannan maganar fa ɗan Kaikai ne, ko Kankiya, ko Kusada. In damina ta ja baya, gero ya fara nannaɗe ganye, shi ne a sahun gaba a filin Idi wajen roƙon ruwa. Abin da yake kuka a ba shi a watan Yuni, shi ya zama maɓarnaci a Disamba, don kawai ya same shi da fararen kaya da waya a hannu. To ruwan ne ya canza, ko kuwa mu ne muke auna alherin abu da tsarin da muka yi wa ranarmu?

Sai dai a yi adalci. Tsohuwar da ta sayar da saniya, ta haɗa da kuɗin gyaɗar shekara da shekaru, kuma ta san da wuya ta sake taka ƙasar, in ta ji ba daɗi don ba ta sauka daga mota ba, babu mai zarginta. Zuciya ce. Jin zafin abin da ya wuce ka daban, kiran rahama ɓarna daban. Na farko hali ne na ɗan Adam, na biyu hukunci ne ka yanke a kan abin da ba ka san iyakarsa ba.

Ni tambayata ma ita ce: me aka je nema a Uhudu? Dutse ne, da fili, da maƙabarta. A nan aka gwabza a watan Shawwal, shekara ta 3 bayan Hijira. Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubairu, mafi yawansu suka sauka da suka hango ganima, sai yaƙi ya juya. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada, cikinsu har da Hamza da Mus'abu bin Umairu, wanda mayafin da aka yi masa likkafani da shi bai isa ya rufe kai da ƙafa tare ba. Wane ɓangare na wannan darasin ne ruwa ke iya wankewa? In hoto ne ya kai ka, to lallai ka yi asara, don hoto sai da hasken rana da busasshen mayafi.

Kuma abin da da yawa ba su sani ba, ruwa yana cikin tarihin wurin. Kwarin Ƙanat ya ratsa ta gefen Uhudu, in an yi ruwa mai yawa yakan kawo ambaliya. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ambaliya ta tone kabarin Amru bin Jamuhu da Abdullahi bin Amru, waɗanda aka binne a rami ɗaya, bayan shekara 46 da yaƙin, aka same su jikinsu bai canza ba. Ka ga wanda ya tsaya a nan ruwa na gudu a ƙasa, ya ga abin da mai zuwa da rani bai gani ba.

Ita kanta Ka'aba, ambaliyar 1630 ta rushe wani sashe na bangonta, aka sake gina ta a zamanin Sarki Muradu na huɗu na Daular Usmaniyya. A 1941 kuwa ruwa ya cika Harami har wasu suka yi ɗawafi da iyo. Mu da muka tashi a gidajen ƙasa, muke yaɓe duk shekara kafin marka, muke ganin yadda ake fama da hasumiyar Gobarau a Katsina don kada ruwa ya zaizaye ta, bai kamata a koya mana cewa gini ba ya dawwama ba.

Wannan ba yana nufin a yi ganganci ba. Masu nacin hawa dutsen Kogon Hira ana tsuga ruwa, matakalai na santsi, su sani hawan nan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, karaya kuwa a ƙasar mutane ba ƙaramin abu ba ne. Direba in ya ce a zauna a mota, a zauna.

Amma zama a mota ba ya hana a yi wa shahidai addu'a. Anas (RA) ya ba da labarin cewa ruwa ya taɓa sauka suna tare da Annabi (SAW), sai ya janye tufafinsa don ruwan ya taɓa jikinsa. Malamai kuma suna lissafa lokacin saukar ruwa cikin lokutan da ake fatan karɓar addu'a. Da jagoran tawaga zai tsaya a gaban mota ya faɗa wa tsohuwar nan haka, ya ba ta labarin maharba yana nuna mata tudun ta taga, da ba ta dawo Kaikai tana cewa an ɓata mata rana ba.