Wanda bai san gidanmu ba

Idan aka yi mana rasuwa mun san abin yi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su aiko da abinci, a kwana uku ana karɓar gaisuwa. Kowa ya zo tambayarsa ɗaya ce, ya haƙuri, amsar ma a shirye take, da godiya. Bayan an naɗe tabarmin ne ake barin mutum da abin da ke cinsa. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta, kuma a wata na uku da wuya a samu mai tambayarta ko tana iya barci. In kuwa har tana jin haushin mamacin saboda bashin da ya bar mata, wa za ta gaya wa? Uwar mijin?

A wannan giɓin waya ta shigo. Yanzu akwai masana halayyar ɗan Adam da ke sauraron mutane ta kira ko ta bidiyo, kuma hukumar NDLEA ta buɗe layin kira kyauta a 2022 domin masu fama da shaye-shaye da iyalansu. Sai dai abin yana yi wa da yawanmu nauyi. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, ya halatta mu zazzage wa baƙo abin da muka ɓoye wa waɗanda muka sha nono ɗaya da su? Wannan ba tonon asirin gida ba ne?

A ganinmu ba shi ba ne. Rufin asiri da muke roƙo kullum a addu'a, manufarsa mutum ya samu sutura har ya miƙe da ƙafarsa. Mu ne muka mayar da shi umarnin yin shiru. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin huɗunsu mace ce. Mu ɗauki ɗaya daga cikin matan nan, matar aure mai ɓoye kwalba a ƙasan akwati. In ta gaya wa mijinta, aurenta na iya mutuwa. In dangi suka ji, maganar za ta bi ƙannenta har ranar da za a zo neman aurensu. In ta nufi asibitin Dawanau, sunan wurin kansa mun riga mun mayar da shi abin zolaya. Mun kuma ga inda ɓoyon ke kaiwa: a 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu.

Amfanin baƙon da ke cikin waya shi ne bai san gidanmu ba. Ba zai haɗu da ita a biki ba, ba ya da ɗan da zai hana auren ƙanwarta. In ƙwararre ne na gaske, riƙe sirri sharaɗin aikinsa ne. (Ba muna nufin shafukan "a ɓoye sunana" ba, inda ake baje damuwar mutum dubbai su yi ta yanke masa hukunci. Wannan kasuwa ce.)

Amma akwai abin da ya kamata ya dame mu, kuma ba laifin wayar ba ne. Idan 'yar'uwarmu ta fi samun natsuwa da muryar da ba ta taɓa ganin mai ita ba, shaida ce a kanmu. Tsoronmu kada mu ji daɗin hakan, mu tura mata lamba mu ce mun sauke nauyi. Mai sauraro ta waya ba zai riƙe mata yara ranar da jikinta ke karkarwa ba. Wanda ya daɗe yana shan tramadol yana buƙatar likita ya duba shi ido da ido yayin dainawa, kuma dole wani ya raka shi, ya zauna a benci ya jira. Wadda aka saka, ta dawo gidan iyaye da akwatuna, awa ɗaya take yi da mai ba ta shawara a mako. Sauran awa 167 tare da mu take yin su, tana jin yadda hira ke tsayawa duk lokacin da ta ɗaga labule ta shigo.