Shin Mawaƙiyar Nan Ta Ci Amanar Gida?

Wata Alhamis, muna dawowa Gumel daga kasuwar Maigatari, gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokina ɗan Gagarawa. Shi a ganinsa, duk wanda ya rungumi waƙar waɗanda suka danne iyayensa, to, ya ci amanar gida.

Labarin Deborah Cheetham ne ya jawo maganar. An haife ta a 1964 a Ostareliya, cikin kabilar Yorta Yorta, wato 'yan asalin ƙasar da Turawa suka taras. Tana da mako uku aka raba ta da mahaifiyarta, aka ba wasu Turawa riƙonta a birnin Sidni. Ta tashi ta gwanance a opera, wasan kwaikwayon nan na Turawa da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe.

Abokina ya ce ai muryar aro ce. Na ce jaririya ba ta zaɓar gidan da za a kai ta. A duba dai abin da ta yi da muryar. A 2010 ta fito da opera tata, Pecan Summer, a kan yadda danginta suka yi ƙaura daga sansanin Cummeragunja a 1939 don ƙin wulakanci. Kakanninta na cikinsu. Sa'an nan a 2015 aka gayyace ta rera taken ƙasa a wani babban wasan ƙwallo, ta ƙi, domin taken yana kiran ƙasar sabuwa, alhali mutanenta sun haura shekara 50,000 a cikinta. An sauya kalmar a 2021. Maci amana ne zai yi wannan?

Duk da haka ban ce abokina ba shi da hujja ba. Wanda ya ji daɗin waƙar yana iya mantawa da uwar da aka bari tana kuka, har ya ce ashe rabuwar alheri ce. Wannan kam ban yarda ba. Gwanintar 'yar ba ta wanke waɗanda suka ɗauke ta.

Sai dai na tuna masa cewa Mangawa ne suka kafa masarautarmu ta Gumel. Kakata Manganci take yi. Ni kuwa ko gaisuwa ba na haɗawa, ga shi da Hausa nake wannan rubutu. Ba kuwa wanda ya sace ni. Da na tambaye shi sunan da zai ba ni, sai ya yi shiru har muka shiga gari.