Ilimin Wa Ne, Na Ɗaliba Ko Na Na'ura?

'Yar'uwa, akwai wata gardama da ɗaliban kwamfuta ke yi a jami'ar Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Kada ki ce ba ruwanki, ai mu ke sayar da akuya da 'yan kunne mu biya kuɗin makarantar.

Shi ɗalibin kwamfuta aikinsa rubuta wa na'ura umarni ne layi-layi, da wani yare irin su Java ko Python. In ya manta waƙafi ɗaya sai aikin ya tsaya cak, ya kwana yana laluben inda ya kuskure. To tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, faɗa masa abin da kike so kawai za ki yi, kafin ki gyara ɗaurin ɗankwali ya zubo miki aikin a kammale.

Wasu ɗaliban sun ce rahama ce. Malami ɗaya, aji cike maƙil, wa zai tsaya miki? Na'ura kuwa ko sau goma kika tambaye ta ba ta tsaki. Yarinya mai kunya, wadda ba ta iya ɗaga hannu a gaban maza, ta samu mai koya mata cikin dare ba tare da an yi mata dariya ba. Wallahi wannan hujjar ta ratsa ni. Wasu kuma sun ce satar amsa ce aka sa wa sabuwar riga.

Ni dai ga yadda na gan shi. Matar da ta kai markaɗe inji ba a ce ba ta iya girki ba, don in gishiri ya yi yawa harshenta zai gaya mata. Amma wadda ta aika aka sayo tuwo a bakin tasha, ta juye a kwanonta ta ce wa maigida ita ta tuƙa, wannan fa? Shi ChatGPT yana kuskure, kuma yana yinsa ne ba ko ɗar. Wadda ba ta taɓa kwana neman waƙafi ba, ina za ta gane? Gobe ita za a damƙa wa lissafin albashin ma'aikata, ko bayanan marasa lafiya a asibiti.

Abin da ya fi ci min rai ma shi ne 'yar talaka. Ba ta da laftof, kuɗin data sai an yi adashi, a takarda take rubuta nata da hasken tocila, ta jira lokacin shiga ɗakin kwamfuta ta gwada. Allah sarki! Ita ta sha wuya ta fahimta, ƙawarta ta kwafo cikin minti biyar, kuma a gaban malami takardar ƙawar ce ta fi tsafta.